Ku Tambaya Mu Amsa: Addu'a da Ƙwayar Magani, Kukan Mai Bi, da Naman Layya

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan wata. Kamar kullum, fasto da ma'aikaciyar jinya da mai ba da shawara ne suka zauna a kansu tare, kuma mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon suga, shekara shida ke nan. Wani mai wa'azi da ya zo taron farkawa a unguwarmu ya yi mata addu'a, ya ce ta warke, ta zubar da magunguna ta shiga azumin kwana bakwai, wai shan magani bayan addu'a rashin bangaskiya ne. Yau kwana huɗu ba ta sha ba. In na yi magana sai ta ce ina so in karya mata bangaskiya. Me zan yi? (Wata 'yar'uwa daga Kafanchan)

Amsa: 'Yar'uwa, mun riga mun aika miki da amsa ranar da saƙonki ya iso, muna buga ta nan ne saboda masu irin wannan hali. Mama ta karya azumin, ta ci abinci, a kai ta asibiti a auna jini da suga, ta koma kan maganinta. A yi su tare, domin kowanne shi kaɗai yana da haɗari. In ta ci gaba da barin magani, suga zai hau, ta yi ta fitsari, ƙishirwa ta dame ta, jiki ya bushe. In kuma ta koma shan maganin suga irin su ƙwayar glibenclamide ko allurar insulin alhali ba ta cin abinci, suga zai faɗi, wannan ya fi saurin kai mutum ƙasa. Alamarsa karkarwa, gumi mai sanyi, jiri da rikicewar magana. Idan na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 3.9 (ko 70 a na'urar da ke amfani da manyan lambobi), a dama ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ta shanye, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi.

Hawan jini kuwa ba ya sallama. Abin da ke ruɗin mutane shi ne kwanakin farko bayan barin magani mutum yakan ji garau, sai ya ce ai ga shaida. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a gama. Tokara ce aka yi wa katanga: ranar da aka zare ta katangar ba ta faɗuwa, sai wani dare da ruwa ya sauka. Ki lura da fuskar Mama. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, harshe ya yi nauyi, to shanyewar ɓarin jiki ce ke shigowa, kada a jira gari ya waye.

Sai batun bangaskiya, don a nan zuciyar Mama take. Mun gaskata Allah yana warkarwa, har yau. Amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa haɗa addu'a da magani faɗa ba. Ishaya, wanda ya kawo wa Sarki Hezekiya albishir na ƙarin shekara 15, shi ne ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:5-7). Bulus ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa (1 Timoti 5:23), ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20), yana yawo da Luka likita (Kolosiyawa 4:14). Bulus kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korantiyawa 12:7-9). Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan ma da akwatin magani suka zo. Asibitin Vom tun 1922 yake, na Galmi a Nijar tun 1950, na Wusasa kuwa sunan Luka aka sa masa.

Kada ki yi musu da Mama ke kaɗai, 'ya ba ta cika cin nasara a kan uwa a irin wannan ba. Ki je wurin fastonta. Yakubu 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya, wato mutanen da suka san shi, waɗanda za su dawo gobe su duba shi, ba baƙon da ya kwashe lasifikarsa ya wuce wani gari ba. Su zo gida su yi mata addu'a, su shafa mata mai in ikilisiyarku tana yi, su karanta mata Markus 1:44, inda Yesu ya warkar da kuturu ya kuma aike shi wurin firist a duba shi. Warkarwar Allah ba ta tsoron awo. A samo ɗan littafi, a riƙa auna jininta safe da yamma har mako guda, bayan ta zauna ta huta minti biyar, a rubuta. Abin da aka fi nema shi ne ya tsaya ƙasa da 140/90. A kai wa likita littafin. In lambobin sun sauka sun zauna, likita da kansa zai rage magani, sai a je majami'a a ba da shaida da takarda a hannu.

Duk mai addu'ar da ya yanka kuɗi kafin ya ɗora hannu, ko ya hana zuwa asibiti, ko ya ɗora wa marar lafiya laifi in ciwon bai tafi ba, ku yi nesa da shi. Amsar da Bitrus ya ba wanda ya zo sayen baiwar Allah da kuɗi tana Ayyukan Manzanni 8:20.

Tambaya: Ni shugabar Zumuntar Mata ce. Muna da 'yar'uwa da aka kashe mijinta a harin da aka kawo ƙauyensu shekara biyu da suka wuce. Har yau ba ta barci sosai, ƙarar babur tana firgita ta, in aka ɗauko waƙar da aka rera ranar jana'iza sai ta fice daga majami'a. Mun yi ta ce mata ta yi haƙuri, ta yafe ta manta, amma sai ƙara janyewa take yi. Ina muka yi kuskure? (Wata uwa daga Mubi)

Amsa: Mama, kun yi da kyakkyawar niyya, sai dai maganar ta riga lokacinta. "Yi haƙuri" gaisuwa ce mai kyau a ranar rasuwa. In aka yi shekara biyu ana maimaita ta, abin da mai makoki ke ji shi ne "yi shiru, kin ishe mu". Firgita da ƙarar babur ba taurin zuciya ba ne, ba kuma aljani ba ne. Jikin da ya ga mutuwa ido da ido yakan zauna cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce. Ƙara ko wari ko waƙa sai su mayar da mutum ranar nan kamar yanzu take faruwa.

Ku fara da inda Allah ya fara da Iliya. Mutumin ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, magana ta zo daga baya (1 Sarakuna 19:4-8). Ku duba: tana da hatsi? An biya kuɗin makarantar yara? Dangin miji sun bar mata gona? Wa ke kwana da ita? Sau da yawa rabin rashin barcin gwauruwa lissafin gobe ne.

Sannan ku daina zuwa mata rututu da anko. Ku zaɓi mace ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, waɗanda ita ta yarda da su, su riƙa zuwa rana ɗaya tsayayya kowane mako. Su zauna, su taya ta gyaran wake ko ɓarar gyaɗa, hannu yana aiki baki ya fi buɗewa. In ta fara magana, kada a katse ta da aya, kada a ce "ai gara ke, wance 'ya'ya uku ta rasa". A tambaye ta abin da ya faru, da abin da ya fi ci mata rai, a bar ta ta tsaya inda ta ga dama. Abin da ta faɗa kada ya zama "roƙon addu'a" a taron Talata. Wannan kuskuren shi ya fi rufe bakin mata a ikilisiya. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna ba su ce uffan ba (Ayuba 2:13), ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki.

Ku nuna mata cewa kuka yana da gurbi a sujada. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, masu tsoron Allah sun yi wa Istifanas makoki mai zafi (Ayyukan Manzanni 8:2), 1 Tasalonikawa 4:13 kuma bai hana baƙin ciki ba, baƙin ciki marar bege ya hana. Zabura 13 aya shida ce kawai, amma sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah har yaushe. Zabura 88 cikin duhu ta ƙare, aka kuma bar ta a Littafin haka. Ta iya tsara nata kukan a kan wannan tsari: ta kira Allah, ta kai ƙararta ba ɓoye-ɓoye, ta faɗi abin da take so ya yi. Furcin dogara in ya zo ya zo, in bai zo yau ba kada a matsa. Waƙar jana'izar kuwa, shugaban mawaƙa ya riƙa sanar da ita tun kafin Lahadi in za a rera, ta zauna kusa da ƙofa da wadda za ta bi ta waje.

"Yafe ki manta" ba aya ba ce. Yusufu ya sa wa ɗansa suna Manassa, wai Allah ya mantar da shi wahalarsa (Farawa 41:51), amma da ya ga 'yan'uwansa da suka sayar da shi nan take ya gane su, ya juya ya yi kuka, ya kuma gwada su tun daga sura 42 kafin ya bayyana kansa a sura 45. Gafara ita ce sakin ramuwa a hannun Allah (Romawa 12:19). Ba ta nufin abin bai faru ba, ba ta hana neman shari'a, ba ta kuma tilasta wa mutum komawa inda ransa ke cikin haɗari. Takan ɗauki lokaci, wani sa'in a yafe yau a sake yafewa jibi.

Shekara biyu ba barci ya isa a ga likita, ba tare da an dakatar da ziyara ko addu'a ba. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Kada a saya mata ƙwayar barci a kemis, jiki yana sabawa da ita ya kasa rabuwa. In ta taɓa cewa gara ta bi mijinta, kada a ɗauka zance ne: a kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Tambaya: Kowace Janairu nakan ɗauri aniyar karance Littafi Mai Tsarki, amma shekara uku ke nan zaren alamar yana maƙale a Littafin Firistoci. Kuma in muna karatu da mahaifina, sunayen littattafan da ke nasa ba su yi daidai da nawa ba. (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malam, lissafi ne ya kai ka can. Farawa sura 50, Fitowa 40. Mai karanta uku a rana zai shiga Firistoci a bakin Fabrairu, daidai lokacin da ɗokin sabuwar shekara ya huce, bayan ya riga ya gaji da awon alfarwa tun daga Fitowa 25. Ba dole ba ne a bi Littafin daga bango zuwa bango, littattafai 66 ne aka ɗinke wuri ɗaya (73 a na Katolika).

Surori 1,189 ne, 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Uku kowace rana da biyar ran Lahadi suna ƙare shi a shekara. Amma ga wanda ya sha faɗuwa, mun fi son ya ɗauki Sabon Alkawari kaɗai bana: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ya tashi 260 cif. Fara da Markus, sura 16 ce kuma labarin gudu yake, sai Luka da Ayyukan Manzanni a jere tunda marubucinsu ɗaya. Baɗi in ka iso Firistoci, buɗe Ibraniyawa a gefe. Karanta Firistoci 16 ka bi ta da Ibraniyawa 9, za ka ga abin da jinin hadaya da labulen alfarwa suke nufi. Ranar da ka tsallake, kada ka mai da ita bashi. Wanda ya tara sura 20 yana jiran Asabar ya biya, ya riga ya daina.

Ka riƙa karantawa da murya. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "ya yi addu'a" na iya zama labarin abin da ya wuce, ya kuma iya zama umarni, kamar a Yakubu 5:13. Ido yakan wuce, kunne ne ke kamawa. In a waya kake karatu, kashe data tukuna.

Na Baba kuwa, da alama tsohuwar fassara ce, wadda ta fara fitowa cikakkiya a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Naka kuma da alama shi ne wanda aka sabunta wajen 1980. Matta shi ne Matiyu, Yohanna shi ne Yahaya, Misalai Karin Magana, Mai-Wa'azi Mai Hadishi, Kubawar Shari'a Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna kuma Wahayin Yahaya. Rubuta su a takarda ka manna a cikin bangon. Kada ka raba Baba da nasa, da kalmominsa ya haddace ayoyinsa. Ku karanta aya ɗaya a duka biyun, inda suka bambanta nan hira take. In ka ga yana nesanta littafin da fuskarsa, tabarau na karatu yake bukata.

Tambaya: Mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Kowace Babbar Sallah maƙwabta suna aiko mana da naman layya. Mijina yana ci, ni kuwa an koya mini ba kyau, har mun yi cacar baki a gaban yara. Wa ke da gaskiya? (Wata matar aure daga Funtuwa)

Amsa: 'Yar'uwa, masu bi sun daɗe da rabuwa biyu a kan wannan. Masu ƙi suna cewa hadayar Almasihu ta wadatar sau ɗaya tak (Ibraniyawa 10:10), ba sa so su yi kamar suna tarayya da wata. Masu ci suna cewa maƙwabcin ba gunki ya yanka wa ba, kyautar zumunci ya aiko, kuma Bulus ya ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka sa a gabanka (1 Korantiyawa 10:27). Mu a ganinmu cin naman ba zunubi ba ne. Amma Romawa 14 ta ɗaure ku duka biyu: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, wanda kuma zuciyarsa ke shakka kada ya ci. Maigida ya ci nasa, ke ki bari, kada a tilasta wa kowa, a kuma daina shari'ar a gaban yara.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne wulaƙanta kyautar. Yarinya ta yi sallama da kwano rufe da faifai, ta durƙusa ta ce "wai in ji Umma", ki karɓa da hannu biyu, ki ce a gaishe ta, an gode, Allah ya maimaita. Ki juye, ki wanke kwanon, ki sa wa yarinyar ɗan tukwici. Kada naman ya ƙare a bola ko gaban kare; unguwa ba ta da sirri, kuma ba a manta irin wannan. Ki shiga da kanki ki yi musu barka da Sallah.

Da Kirsimeti sai ki rama. Ki ba mahauci Musulmi ko maƙwabcin ya yanka kazar ko akuyar, ki kuma bari a san haka aka yi. Ki dafa a tukunyar da ba ta taɓa ganin naman alade ko giya ba. Inda kike shakka, cincin da lemo, ko ɗanyar shinkafa da kaza mai rai, sun raba gardama. Wani gidan ba za su karɓi abincin Kirsimeti ba saboda fahimtarsu ta addini. Kada ki riƙe su a zuci, ke ma ga shi kina da abin da zuciyarki ba ta karɓa ba. Ranar suna, da jinya, da ta'aziyya, a gan ki a gidan.

Tambaya: A ikilisiyarmu akwai Bajju, Ngas, Tangale, Bura, Hausawa da 'yan Kudu kaɗan. An fara gunaguni cewa kabila ɗaya ta mamaye kujerun dattawa da rabon taimako. Ni magatakarda ne, ta ina za a ɓullo? (Wani ɗan'uwa daga Sabon Gari, Kano)

Amsa: Ɗan'uwa, gunagunin farko a tarihin ikilisiya ke nan. A Ayyukan Manzanni 6:1-6 masu bi da ke jin Helenanci, wato harshen Girkawa, sun ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su yi wa'azi a kan gunaguni ba, sun ce jama'a ta zaɓi mutum bakwai, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato ɓangaren da ya koka aka danƙa wa ludayin.

Kai da ke riƙe da littattafai, fara da ƙirga. Fito da sunayen dattawa na zaɓe uku da suka wuce, da na duk wanda ya karɓi taimako cikin shekara biyu, ka kai wa fasto da majalisa kafin zancen ya fita fili. In zargin gaskiya ne, a amsa shi a gaban jama'a. A rubuta ƙa'idar samun taimako a karanta ta daga bagadi, a sa mutum uku daga kabila daban-daban su sa hannu kafin buhu ya fita daga sito, a riƙa karanta jimillar abin da ya shiga da wanda ya fita duk wata uku ba tare da kiran sunan mabukata ba. A zaman majalisa a tsaya kan harshen da kowa ke ji. Mutum biyu su juya zuwa yarensu a tsakiyar muhawara, ko gaisuwa suke yi, na ukun zai ɗauka da shi ake. 'Yan Kudun da Hausarsu ba ta nuna ba, a ba su benci ɗaya da mai fassara a gefe, a kuma rubuta ayoyin wa'azi a allo da Hausa da Turanci kafin a fara sujada.